Wa ke biyan kuɗin haɗarin mota bayan an watse daga zaman makoki?

Duk mai riƙe da waya ya san irin wannan saƙon. Hoton wani bawan Allah ne kwance a gadon asibiti, ƙafa a rataye, kai a naɗe da bandeji. A ƙasan hoton an rubuta cewa magidanci ne mai mata da 'ya'ya, haɗari ya rutsa da shi a hanyarsa ta zuwa cin kasuwa, likitoci sun ce sai an yi masa aiki, ga lambar asusun banki ga mai niyyar taimakawa. Wasu su tura abin da ya sawwaƙa, wasu su rubuta addu'a su tura hoton zuwa wani zauren WhatsApp. Kafin mako ya zagayo, hoton wani ya maye gurbinsa.

Ba kasafai muke jin yadda labarin ya ƙare ba. An yi aikin kuwa? Ya koma sana'arsa? Yaransa suna zuwa makaranta har yanzu? Gonar gadon da aka jinginar don a biya asibiti, an fanso ta?

A cikin amsoshin waɗannan tambayoyi ne asarar haɗarin mota take. Mun saba ƙirga gawarwaki a ranar da abin ya faru, mu yi salati, mu yi jana'iza. Amma bashin da haɗari ke bari yana fara aiki ne bayan masu gaisuwa sun watse, kuma a Najeriya kusan kullum kan wanda ya fi kowa rauni yake faɗawa: matar da aka bari da marayu, tsohon da ya dogara da ɗansa, da yaron da aka cire daga aji. Muddin su ne ke biya a ɓoye, waɗanda ke da ikon rage haɗurran ba za su ji zafin da zai sa su motsa ba.

Abin da alƙaluma suka nuna

Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, ta ce a shekarar 2024 an samu haɗurra 9,570 a titunan Najeriya, mutum 5,421 suka rasu, wasu 31,154 suka jikkata. Idan aka raba, kusan rai 15 ke salwanta kowace rana, mutum kusan 85 kuma suna samun rauni. Motar fasinja guda ke nan cike da mutane, kullum rana ta Allah.

Waɗannan kuwa su ne kawai waɗanda labarinsu ya isa ga jami'an hukumar. Wanda babur ya kaɗe a ƙauye aka binne shi kafin Azahar, ko wanda ya cika a gida mako biyu bayan an sallame shi daga asibiti, da wuya ya shiga kundi. Shi ya sa a rahotonta na 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan 40,000 ne haɗarin hanya ya kashe a Najeriya a 2016, shekarar da alƙaluman hukuma suka tsaya a 5,053.

A duniya baki ɗaya, hukumar ta ce mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a kan hanya duk shekara, wasu miliyan 20 zuwa 50 kuma suna jikkata. Haɗarin hanya ne kan gaba wajen kashe yara da matasa 'yan shekara 5 zuwa 29. Kusan kashi biyu cikin uku na mamatan suna tsakanin shekara 18 zuwa 59, wato shekarun neman na kai, kuma maza sun ninka mata kusan sau uku. Nahiyar Afirka ce ta fi kowace yawan mace-macen idan aka kwatanta da yawan jama'arta, duk da cewa ita ce mafi ƙarancin motoci.

A taƙaice, titi ya fi ɗaukar mai nema, mai fita da asuba ya dawo da cefane.

Ta fuskar kuɗi, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗurran hanya na laƙume kimanin kashi 3 cikin 100 na dukiyar da yawancin ƙasashe ke samarwa a shekara. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce abin da Najeriya ta samar a 2024 ya kai kusan naira tiriliyan 373. Idan muka ɗora wancan ma'auni na duniya a kan wannan adadi, za mu samu kimanin naira tiriliyan 11. Wannan ya kai kusan kashi ɗaya cikin biyar na kasafin kuɗin gwamnatin tarayya na 2025, ya kuma ninka kasafin Jihar Kano na shekarar fiye da sau 15. Ko da an rage rabin wannan ƙiyasi, abin da ya saura ya isa ya hana duk wani mai mulki barci.

Gidan da aka rasa mai nema

Tiriliyan adadi ne da ba ya zama a ƙwaƙwalwa, don haka mu sauko da lissafin zuwa gida ɗaya.

A ce matashi ne ɗan shekara 30 da ke samun daidai da mafi ƙarancin albashi, naira 70,000 a wata. A shekara yana kawo wa gidansa naira 840,000. Idan Allah Ya ba shi wasu shekara 30 yana aiki, ko da abin da yake samu bai ƙaru da ko kwabo ba, naira miliyan 25 da 'yan kai ke nan. Tayar da ta fashe ko direban da ya yi gyangyaɗi na daƙiƙa uku sun isa su shafe wannan duka.

Kuma a ƙasar Hausa mai nema ɗaya ba matarsa da 'ya'yansa kaɗai yake riƙe da su ba. Akwai mahaifiya da yake saya wa maganin hawan jini, akwai ƙanen da yake biya wa kuɗin jarrabawa, akwai ƙanwar da ake tara wa kayan ɗaki. Matarsa za ta shiga takaba ta wata huɗu da kwana goma. A makonnin farko dangi da maƙwabta za su kawo hatsi da ɗan abin da ya samu. Bayan arba'in ƙafa za ta ɗauke, domin kowa yana da nasa nauyin.

Daga nan sai a fara sayar da abin da ake da shi: akuya, keken ɗinki, sannan fili. Mai gidan haya zai yi haƙuri na wani lokaci, daga baya ya aiko. A rarraba yara ga baffanni da kawunnai. Babbar ta ɗauki farantin talla, babban ya koma bakin tasha ko ya karɓi babur ya fara acaɓa tun bai isa ba, a kan titin da ya cinye mahaifinsa. Yaron da aka cire daga makaranta yau zai yi shekara arba'in yana samun ƙasa da abin da ya kamata ya samu. Haɗari ɗaya ya ci zuriya biyu ke nan.

Wanda ya tsira da rauni

Akwai wata magana mai ɗaci da masu jinya kan faɗa a ɓoye, cewa ta fuskar aljihu jinya ta fi mutuwa tsada. Duk wanda ya taɓa kwana a barandar sashen haɗari na babban asibiti ya san abin da suke nufi.

A Najeriya sama da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa a harkar lafiya daga aljihun marasa lafiya da danginsu yake fitowa kai tsaye. Wanda ya karye a cinya zai biya kuɗin hoto, da jini, da ƙarfen da za a sa masa, da aikin tiyata, da gado, da magani, da gashin ƙashi bayan an sallame shi. Ba shi kaɗai ne ya daina nema ba, domin dole wani ya rufe shagonsa ko ya bar gonarsa ya zo ya zauna da shi. Idan daga ƙauye aka kawo shi Asibitin Ƙashi na Dala a Kano ko wani asibitin koyarwa, ga kuɗin mota da na abincin masu jinya.

Da yawa idan suka ji kuɗin sai su sa hannu a takarda su ɗauke ɗan'uwansu zuwa wurin mai ɗori. Akwai karayar da ɗori ke yi wa amfani, amma likitocin ƙashi sun daɗe suna kokawa kan waɗanda ake dawo musu da su bayan ɗauri ya tsananta, jini ya daina gudana, ƙafa ta ruɓe, ba abin da ya rage sai yankewa. An guji kashe kuɗi kaɗan, an ƙare da rasa ƙafa da sana'a gaba ɗaya.

Mafi tsanani shi ne wanda ya samu rauni a laka ko a ƙwaƙwalwa. Wannan zai iya shekaru a kwance, sai an juya shi, sai an yi masa wanka, sai an ba shi abinci a baki. Jiya shi ke ciyar da mutum goma, yau mutum biyu sun bar aikinsu don kula da shi. A kundin hukuma an rubuta shi cikin waɗanda suka jikkata, layi ɗaya da wanda ya ƙuje a gwiwa.

Asarar da ta shafi kowa

Wanda bai taɓa yin haɗari ba, shi ma yana biya. Gadon asibitin da mai karaya ya riƙe wata biyu, da jinin da aka ƙara masa, da lokacin likitan tiyata, duk daga rumbu ɗaya suke da na mai naƙuda da na yaro mai zazzaɓi. Tirelar tumatir ko shanu da ta kife a hanyar Legas asarar manomi ce da ɗan kasuwa, kuma mai saye ne zai cike giɓin. Idan tanka ta faɗi ta toshe babbar hanya, dubban mutane ne za su kwana a layi, man fetur na ƙonewa, kayan gwari na ruɓewa. Motar da ta yi kwatsa-kwatsa kuwa da dala za a shigo da madadinta ko kayan gyaranta.

Akwai kuma asarar da ba ta lissaftuwa da naira. A ranar 31 ga Mayun 2025 motar da ta ɗauko tawagar Jihar Kano daga gasar wasanni ta ƙasa da aka yi a Ogun ta faɗa ƙarƙashin gada a yankin Dakatsalle, saura ƙiris su iso gida, mutum 22 suka rasu. Shekarun da aka kwashe ana horar da waɗannan matasa sun tafi cikin rana ɗaya.

A watan Oktoban 2024 tankar mai ta kife a garin Majiya da ke Ƙaramar Hukumar Taura a Jigawa, jama'a suka taru suna kwasar fetur, wuta ta tashi ta hallaka sama da mutum 150. Wata uku bayan haka irin wannan ta faru a mahaɗar Dikko a Jihar Neja, kusan mutum 100 suka mutu. A ƙaramin gari irin Majiya, rasa wannan adadi na majiya ƙarfi a dare ɗaya yana nufin gonakin da ba mai nomawa da gidaje bila adadin da ba mai ciyarwa.

Waɗannan musibu sun nuna yadda talauci da haɗari ke ciyar da juna. Talauci ne ke sa mutum ya nufi fetur da bokiti. Shi ke sa matasa su hau saman tirela tare da shanu da buhuna saboda kuɗin motar fasinja ya fi ƙarfinsu. Shi ke sa direba ya sayi tsohuwar taya 'yar gwanjo, ya yi lodin da ya wuce ƙima, ya yi sawu biyu a rana ba barci don ya cika balas ɗin mai mota. Idan haɗarin ya faru kuma, sai ya ƙara tura gidan cikin talaucin da ya fi na da.

Ƙaddara gaskiya ce, hakki ma gaskiya ne

Idan an yi haɗari, abin da muka fi faɗa shi ne kwana ne ya ƙare. Babu musulmin da ke jayayya da ƙaddara. Amma addinin da ya koya mana imani da ita shi ne kuma ya wajabta diyya da kaffara a kan kisan kuskure, kamar yadda ya zo a Suratun Nisa'i. Malaman fiƙihu sun ƙayyade diyyar rai da raƙuma 100 ko dinari 1,000 na zinare, wato sama da kilo huɗu, suka kuma ɗora biyanta a kan dangin wanda ya yi kuskuren domin kada nauyin ya karya mutum ɗaya. Hatta gaɓoɓi, kamar hannu da ƙafa da ido, kowanne da nasa hukuncin.

Hikimar a fili take. Wanda ya san sakacinsa zai jawo masa da danginsa asara mai nauyi zai kula. Iyalin mamaci kuma ba za a haɗa musu rashi biyu ba, na mutum da na abinci.

Abin da muke yi a yau ya sha bamban. Tun kafin a ɗauke gawa, manya sun taru sun ce an yafe. Yafiya alheri ce, amma sau da yawa masu furta ta ba su ne za su ciyar da marayun ba, kuma ba a tambayi matar ba. Malamai sun yi bayani cewa diyya hakkin magada ce, kuma kason yaro ƙarami ba abin da wani zai yi kyauta da shi ba ne. Ya kamata a riƙa jin wannan a kan mumbari kamar yadda ake jin falalar haƙuri.

A dokar ƙasa ma akwai tanadi. Wajibi ne kowace mota ta mallaki inshorar da ke biyan wanda aka yi wa ɓarna. Daga Janairun 2023 kuɗinta ga motar gida ya tashi daga naira 5,000 zuwa 15,000, abin da za a iya biya na ɓarnar dukiya kuma ya kai naira miliyan 3, ban da hakkin wanda aka ji wa rauni ko aka kashe. 'Yan sanda sun fara tilasta ta a Fabrairun 2025. Sai dai yawancin direbobi suna kallonta a matsayin takardar wuce shinge, wasu ma ta bogi suke riƙe da ita ba su sani ba. Mutum nawa ka sani da suka taɓa karɓar diyya daga kamfanin inshora bayan haɗari? Ga masu ƙyamar inshora saboda dalilin addini, akwai kamfanonin takaful masu lasisi da ke aiki bisa tsarin Musulunci.

To idan mai mota bai biya ba, kamfanin inshora bai biya ba, ɗan kwangilar da ya bar rami ko ya karkatar da hanya ba alama bai biya ba, hukumar da ta ba da lasisi ba gwaji ba ta biya ba, wa ya rage? Matar da ke takaba.

Rigakafin ya fi araha nesa ba kusa ba

Abin takaicin shi ne magungunan sanannu ne, kuma ba su da tsada idan aka kwatanta da asarar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce duk ƙarin kashi 1 cikin 100 a matsakaicin gudun mota yana ƙara yiwuwar haɗarin da ke kisa da kashi 4. Ɗaura bel na rage yiwuwar mutuwar na cikin mota har zuwa rabi. Hular kwano mai inganci na rage yiwuwar rauni a ƙwaƙwalwa har da kashi 74 cikin 100. Mai tuƙi yana amfani da waya kuwa ya ninka yiwuwar yin haɗari kusan sau huɗu.

Wani binciken Bankin Duniya da aka fitar a 2018, wanda ya duba ƙasashe biyar ciki har da Tanzaniya da Indiya, ya nuna cewa rage mace-mace da raunukan hanya da rabi zai iya ƙara kashi 7 zuwa 22 cikin 100 a kan arzikin da ke zuwa kan kowane ɗan ƙasa cikin shekara 24. Kuɗin da aka sa a kiyaye haɗurra jari ne mai dawowa da riba.

Dokokin ma muna da su. An kafa FRSC tun 1988. Tun 2017 aka fara tilasta wa motocin haya sanya na'urar taƙaita gudu. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta haramta wa kowane asibiti ƙin karɓar mai buƙatar taimakon gaggawa, ta kuma ware kashi 5 cikin 100 na asusun kula da lafiya a matakin farko domin irin wannan jinya. Najeriya na cikin ƙasashen Majalisar Ɗinkin Duniya da suka amince a rage mace-macen hanya da rabi kafin 2030. Amma daga 2023 zuwa 2024 adadin mamata a kundin FRSC tashi ya yi, daga 5,081 zuwa 5,421.

Abin da ya rage shi ne a mayar da nauyin inda ya dace. Gwamnonin Arewa su sa ma'aikatun lafiya da na ayyuka su riƙa fitar da lissafi duk shekara: mutum nawa aka kwantar saboda haɗari, nawa aka kashe, wace kwana ko mahaɗa ce ta fi cin rai, sannan a gyara waɗannan wurare kafin a fara sabuwar gadar sama. Duk kwangilar titi ta ƙunshi alamomi da shinge da wurin tsallakawar masu tafiya a ƙasa, musamman inda babbar hanya ta ratsa kasuwa ko gaban makaranta. A ajiye motocin ɗaukar marasa lafiya a manyan hanyoyi, a kuma biya asibitoci kuɗin jinyar gaggawa a kan kari, domin likita ya daina jiran dangi su kawo kuɗi kafin ya taɓa mai zubar da jini.

Hukumar kula da inshora ta tilasta wa kamfanoni wallafa adadin waɗanda suka biya, ta kuma yi bayanin yadda ake neman hakki da harshen da talaka ke ji. Ƙungiyoyin direbobi da na masu motoci, waɗanda ke karɓar kuɗin tasha kullum, su hana mota mai ruɓaɓɓiyar taya ko direban da bai yi barci ba fita daga tasha. Idan haɗari ya faru saboda sakaci, tuhuma ta kai ga mai motar da ya ƙi gyara, kada ta tsaya kan direba kaɗai.

Mu fasinjoji ma muna da namu. Mu ne ke zuga direba ya taka don mu isa da wuri, mu ne ke yi wa wanda ya ce a rage gudu dariya, mu ne ke yarda a cusa mu mu biyu a kujerar gaba. Sauri ya haifi nawa, in ji masu iya magana. Wanda ya ga haɗari kuma, kafin ya ɗaga waya ya ɗauki bidiyo, ya kira 122, lambar gaggawa ta FRSC, kyauta ce.

Gobe ko jibi wani hoton zai sake shigowa wayarka, da lambar asusu a ƙasansa. Ka tura abin da Allah Ya hore maka, domin mai jinyar ba zai iya jiran a gyara ƙasa ba. Amma bayan ka tura, ka tambayi kanka, ka kuma tambayi ɗan majalisar mazaɓarka idan ya zo neman ƙuri'a: wace mota ce, tana da inshora, a wane wuri abin ya faru, kuma mutum nawa wurin ya ci kafin wannan?